Ganyen da Na Tara a Gindin Fulawa

Ranar da Madam Laraba ta tsayar da ni a bakin shingen fulawa ba ta fita daga raina ba. Shekarar da cuta ta cinye cittar mutanenmu ce, cikin Agusta, ruwa kullum. Wata na biyar ke nan ina aikin lambu a wani masaukin baƙi na coci a Kafanchan, ita ce shugabar ma'aikata.

Shingen gindi arba'in ne, daga ƙofa zuwa ɗakin taro. Ganyensa ya fara ɗigo-ɗigo baƙi, gefen ɗigon ya yi rawaya, sai ya zube. Ni ɗan Fadan Kagoma ne. A gonar citta, in ka shuka sai ka lulluɓe ƙasa da ganye don ta riƙe sanyi. Saboda haka duk ganyen da ya faɗi nakan share shi in tara a gindin fulawar. Ina ganin gata nake yi mata.

"Malam Ayuba, shingena yana ta zama tsirara fa," in ji Madam. "Ko akuya kake kiwo a ɓoye?"

Na ce sanyin damina ne, zai wuce.

Bai wuce ba. Bayan mako biyu ta kira Baba Yohanna, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Ya tsuguna, ya ɗaga tarin ganyen da sandarsa, ya dube ni.

"Wa ya yi wannan shimfiɗa?"

"Ni ne, Baba. Kamar na citta."

"Ɗana, ai ganye mai lafiya ake sa wa citta. Wannan funfuna ce. Tana kwance a nan, ruwa ya buga, ta fantsama sama. Kai kake mayar mata da abinci."

Ya nuna mini tsarin aikin. A kwashe ganyen a ƙone. A rage rassa iska ta ratsa. A wanke almakashi da ruwan bilic kafin a taɓa gindi na gaba. Feshin magani sai ruwan da ke kan ganye ya bushe, ban ruwa kuma a ƙasa, ba bisa kai ba.

Haka na bi har ƙarshen Oktoba. Madam ba ta kore ni ba. Tun lokacin, abin da na iya daga gona sai na tambaya kafin in kawo shi lambu.

Gindi ashirin da uku suka sake toho. Goma sha bakwai na tono da hannuna na ƙone.