Inna da Kwasar Ƙarshe

Tun da na yi wayo na san Inna da abu biyu: ƙanshin man gyaɗa da ba ya barin zanenta ko an wanke, da kuma adashi. A unguwarmu a Roni kusan kowane gida akwai mai sana'ar mai da ƙuli-ƙuli, kuma Inna ce uwar adashinsu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci mata za su aiko da zubi, ƙarshen wata a haɗa a ba mace ɗaya. Kafin layi ya zagaya kan kowa shekara ta kusa cika.

A wasu wuraren uwar adashi ce ke fara kwasa, ladan wahalarta ke nan. Inna ba ta taɓa yi ba. Ita ce ta ƙarshe a kowane zagaye, in kuma aka yi mata magana sai ta ce mai rabon tuwo ba ya fara zuba wa kansa. Wannan kara da take yi ita ta sa ba a taɓa jin kan matan ba, don wa zai yi ƙorafin an sa shi a baya, ga uwar adashi can a bayansa? Ni dai tun ina budurwa abin yake ba ni haushi. Allah bai hore mini haƙurinta ba, na gado zafin ran Baba ne, Allah ya jiƙansa.

Tun rasuwar Baba man gyaɗa ne ya riƙe gidanmu. Wanda bai taɓa yi ba gani yake wasa ne. A soya gyaɗa, a murza, a sheƙe, a kai niƙa, sannan a zo kan babban aikin: a zuba ƙullin a turmi, ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya yarda ya fito. Wannan juyin ne ya cinye kafaɗar Inna ta dama. Da fari sai ta ce sanyi ne. Daga baya na lura in za ta ɗaura ɗankwali sai ta sunkuyar da kai ya tarar da hannun, don hannun ba ya iya zuwa wurin kan.

Lokacin ina aure a Kazaure, ina koyarwa a wata firamare. Na kai ta asibiti, aka duba aka ce ta bar turmi, in ba haka ba kafaɗar za ta ƙage. Muna fitowa ta ce, "Su kuma su ce mini me zan ci."

A ranar na kai ta shagon wani mai sayar da injina, Kirista ne daga kudu da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Ya nuna mata injin da ke juya ƙullin gyaɗa ya fitar da mai: tukunyar ƙarfe ce da ake ƙerawa a Kano, sai kan inji mai amfani da fetur a gefe, wanda ake tayarwa da igiya. Inna ta zagaya shi tana shafawa kamar mai taya akuya. Da ya faɗi kuɗin na ga fuskarta ta saki, don bai wuce abin da za ta kwasa a adashi ba, har da ɗan canji.

"Oga, ka ajiye mini shi," in ji ta. "In na kwashi adashina zan zo."

"Yaushe ne kwasar, Mama?"

"Yanzu aka fara zagayen. Ni ce ta ƙarshe."

Ya dube ni, sannan ya ce Allah ya kai mu. A hanya na ce zan ƙara mata daga albashina a saya yanzu. Ta ce ita ba ta cin kuɗin 'ya mace da ke gidan miji, kuma ba a kanta za a fara ba. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, sai dai "ke". Da wannan "ke" ɗin ta rufe maganar.

Ta ci gaba da juya turmi, in dama ta gaji ta koma hagu. Wata ya bi wata, mata suna kwasa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fara ta sayi tinkiya, wata ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, wata ta rufe ɗakinta da kwano. Da layi ya zo kan Inna ta ɗaure kuɗinta a bakin zane, ƙanena da ke acaɓa ya ɗauko ta a babur har ƙofar gidana, muka tafi shagon tare. Har sabon mayafi ta saka.

Injin yana nan inda muka bar shi, amma kuɗinsa ya yi gaba. Abin da ke ɗaure a zanen Inna ko kan injin kaɗai ba zai saya ba.

"Ba shi ne wanda na gani bara ba?" ta tambaya. "Ko an ƙara masa wani abu?"

"Shi ne, Mama. Ba a ƙara masa komai ba."

"To me ya ci ya yi ƙiba?"

Mai shagon bai yi dariya ba. Ya jawo mata kujera ya ce, "Mama, kan injin nan a jirgin ruwa yake zuwa. Masu kawo shi ba sa karɓar naira, dala suke biya. Dalar da suka saya bara, bana sai sun ƙara naira mai yawa kafin su same ta. In na ba ki shi a kuɗin bara, gobe in na je Kano ba zan iya sayo wani in ajiye a wurinsa ba. A haka shago yake mutuwa, kaya na fita amma ba sa dawowa."

Inna ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce ta gane, ba laifinsa ba ne. Muka fito, ta tsaya a bakin titi tana gyara mayafin nan da hannun hagu, ni kuwa na kau da kai don kar ta ga idona. Ban taɓa jin tausayinta irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinta irin na ranar ba.

A gida na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce a da, lokacin da farashi ke zaune, ta farko da ta ƙarshe duk ɗaya ne, sai dai jira. Yanzu kuwa wadda ta fara kwasa ta sayi kaya da araha, ta ƙarshe ita ke biyan bambancin. Na ce tinkiyar maƙwabciyarta har ta haihu, ita kuma kuɗinta sun rame a hannun mutane. Na ce wannan karon ta fara kwasa, ta haɗa da na hannunta, mu je mu ɗauko injin kafin ya ƙara gudu.

"Ke, duk na ji," in ji ta. "Ba wai ban gane ba ne. Amma in na ce ni ce ta farko, wa zan kalla in ce ke ce ta ƙarshe? Yanzu da na san ta ƙarshe cutuwa take yi?"

Ashe bayanin da na yi don in ciro ta, shi ya ƙara ɗaure ta.

Ba ita kaɗai ta gane ba. Da aka zo tsara sabon zagaye, matan da ba a taɓa jin kansu ba kowa ta ce tana da uzuri na gaggawa. Wasu suka ce in ba a sa su a gaba ba sun fita. Ban ga laifinsu ba, kowa ta ga abin da ya sami Inna. Adashin da ya girme ni ya kama hanyar watsewa, kuɗin da Inna ta kwasa kuma suka riƙa zirarewa a sayen gyaɗa da itace da magani.

Ana cikin wannan jan-in-ja aka yi canjin kuɗi. Aka ce tsofaffin takardu sun daina aiki, sababbin kuma ba a gan su ba. Mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane a hannu. Ranar wata Juma'a, maimakon yara su zo da zubi, sai wata tsohuwa daga cikin matan, wadda aka auro daga wajen Gwiwa, ta shigo da kanta da ƙwarya a ka.

"Uwar adashi, ni dai ba ni da ko sisi," in ji ta. "Ga gyaɗa. In kin karɓa to, in ba ki karɓa ba in koma da abata."

Inna ta ɗauko tiyarta ta auna, ta ga ya yi daidai da kuɗin zubi a farashin ranar, ta karɓa. Kafin la'asar labari ya zagaya, sai ga ƙore da robobi suna shigowa, tunda gyaɗa dai babu gidan da babu ita. Ba wanda ya zauna ya tsara abin. Da takardun kuɗi suka dawo hannun mutane aka ce a koma yadda ake, tsohuwar nan ce ta ce ita ba ta komawa: tiyar da ta zuba da rani ita ce tiyar da za ta kwasa da damina, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Aka tsaya a kan haka. Rigimar wa zai fara ta mutu da kanta, Inna kuma ta koma wurinta na ƙarshe hankali kwance. Hali zanen dutse.

A wannan shekarar ce komai ya tashi. Fetur ya yi tsalle, naira ta faɗi faɗuwar da ba mu taɓa gani ba, albashina ya koma ba ya kai mu tsakiyar wata. Gyaɗa ma ta bi sahu. Matan sun ji jiki, don cika tiyar zubi da damina ba ƙaramin aiki ba ne, har wasu suka yi ta mita cewa da kuɗi ne da sun huta. Amma ba wadda ta fita, tunda kowa ta san abin da ta zuba shi za ta tarar.

Duk wannan lokacin Inna na juya turmi. Na yi faɗa, na yi roƙo, na turo matar ƙanena ta riƙa karɓar ta. Sai ta bari mun tafi ta koma ta kama taɓarya, wai yarinyar ba ta san lokacin da ake ƙara ruwa ba.

Da kwasarta ta zo, buhuna ne aka jingine a ɗakinta. Ƙanena ya ce kar a sayar a nan, a kai kasuwar Babura, inda mutanen Nijar ke shigowa da sefa. Tunda naira ta yi ƙasa, sefarsu kaɗan in sun canza sai ta zama naira mai yawa, kayanmu sun zame musu araha, ba sa tsayawa dogon ciniki. Abin da ya tsananta wa mai awo a garinmu, shi ya yi wa Inna rana. Ƙanena bai kwana da kuɗin ba. Daga Babura kai tsaye ya wuce Kazaure, don mai shagon ya riga ya gaya mana farashin safe ba lallai ya kai yamma ba. Injin ya ƙara tsada sosai, amma wannan karon gyaɗar ta yi tafiya tare da shi. Mai shagon da kansa ya taya ɗaure shi a mota, ya ce a gaishe da Mama.

Ranar da za a tayar da shi na zo Roni. An kafa shi a rumfar tsakar gida, mata sun cika wurin, kowa da robar ƙullinta. Aka ce Inna ta sa albarka, ita za ta fara jan igiya. Ta yi bisimilla ta kama da hannun dama. Hannun ya tsaya a rabin hanya, ya ƙi gaba. Ta sake gwadawa, na ga ta cije leɓe. Ta koma hagu, shi ma turmi ya gama da shi, igiyar ta suɓuce ta koma.

"Zo ki ja," ta ce wa matar ƙanena, kamar ba komai.

Yarinyar ta ja sau ɗaya, inji ya kama. Mata suka yi guɗa. Ni na kasa. Injin da aka nema don a ceci kafaɗa ya iso bayan kafaɗar ta tafi, kuma na san da ta yarda ta fara kwasa sau ɗaya tak a rayuwarta, da a ranar da hannunta za ta tayar da shi. Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci, kuma har yanzu ban san wanda zan ɗora wa laifin ba.

Mata suka fara jera robobinsu a gaban injin. Na ɗauki ta Inna na ajiye a gaba, na ce yau dai ai nata ne. Ta bari na juya, ta sa ƙafa ta riƙa tura robar a hankali, tunda hannu ba zai ɗauka ba, har ta kai ta bayan ta tsohuwar Gwiwa, a ƙarshen layi. Sannan ta zauna a kan tabarma tana jira.