Abin da Na Zana a Tafin Hannun Baba

Injin markaɗen maƙwabta yana ta kuka a ranar da saƙon Yaya ya shigo wayata. Muna zaune a zaurenmu na Runjin Sambo bayan la'asar, ni da Baba, wanda hawan jinin ido ya riga ya cinye masa gani.

Yaya yana karatu a ƙasar waje, yana neman izinin ƙara wasu shekaru. Baba ya ce ba zai amsa ba sai ya san aikin da ke raba shi da ɗansa. Shi ne Yaya ya turo ɗan gajeren bidiyo da bayani: shi da abokan aikinsa suna naɗe zaren DNA, wanda ke ɗauke da gadon halitta, su gina wani abu mai hannu biyu, ƙanƙane ƙwarai. In aka haska masa wani irin haske sai ya buɗe, in aka sauya hasken sai ya rufe.

"Ɗiyata, mi kig gani?" in ji Baba.

Abin da na gani dishi-dishi ne, launin ƙasa, yana motsi a hankali kamar mai numfashi cikin barci. Na ce kamar almakashi. Na ce kamar fure. Baba ya girgiza kai.

"Ke dai kin cika waƙa. Nuna mani."

Na kama hannunsa, na zana layi biyu a tafinsa da ɗan yatsana. Na ware su, na ce, "Ga haske ya zo." Na haɗe su, na ce, "An sauya shi." Ya sa na maimaita har injin ya yi shiru. Sannan ya dunƙule hannun.

"Ce mashi shi zauna."

Baba bai kai ga dawowar Yaya ba. Na daɗe ina jin ciwon cewa ya sallama ɗansa a kan abin da bai gani ba, sai ɗan shafar da na yi masa.

Sai da na shiga jami'a na karanta yadda ake ɗaukar irin wannan hoto. Na'urar da ke ɗaukarsa ba da haske take gani ba. Wata 'yar allura ce mai tsinin gaske take bin saman abin tana taɓawa, layi bayan layi, daga taɓawar nan ake haɗa hoton. Ashe shi ma Yaya bai taɓa ganinsa da ido ba.