Yadda Muka Dawo da Mama Madakiya

Mu uku ne a wurin Mama: Yaya, wanda ke aikin gwamnati a Kaduna, sai ni, malamar firamare a Kafanchan, sai Auta, wadda a lokacin ba ta daɗe da aure a Manchok ba. A gidanmu na ƙauyen Madakiya kowa ya san Baba ne mai gida, amma duk wata magana mai nauyi sai ta bi ta madafar Mama kafin ta tabbata. Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai sanyin hali, ya fi son zama gindin mangwaro da rediyonsa. In aka kawo masa batun gona ko auren wani ɗan dangi, sai ya ce, "Bari mu kwana a kai." Mu kuwa mun san fassarar wannan magana. Zai je ya tambayi Mama.

Lahadin ƙarshen wata muke haɗuwa a gida. Bayan an tashi daga sujada, Mama takan cire zanen zumuntar matan coci, ta ɗaura tsohon zanenta, ta zauna a kujerar tsuguno tana juya faten acca da yakuwa. Bakinta ba ya hutawa. Ta fara magana da yarenmu, ta ƙarasa da Hausa, ta yi wa Yaya faɗan tumbinsa, ta tambaye ni ko yaran ajina sun iya karatu ko ihu kawai nake musu. Ita ke rabon nama, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Wata safiyar damina maƙwabciya ta kira ni ina cikin aji, ta ce Mama ta faɗi a bakin rijiya, ba ta magana. Kafin in isa an riga an kawo ta asibiti a Kafanchan. Likitan da ya duba ta ya ce hawan jini ne, jijiya ta fashe a cikin kai, kuma abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, sai dai Jos. Ni da Baba muka shiga motar asibiti. Duk hawan dutsen hanyar Jos yana riƙe da ƙafarta.

Da muka isa numfashinta ya soma ɗaukewa, aka wuce da ita ɗakin kulawa ta musamman. Suka sa mata roba ta baki har cikin maƙogwaro, suka haɗa da injin da ke hura mata iska. Sau biyu a rana ake barin dangi su shiga, mutum ɗaya bayan ɗaya, sai ka cire takalmi ka sa rigar da za su ba ka. Sauran lokacin muna zaune a ƙarƙashin wata bishiya tare da dangin wasu marasa lafiya. Nan muka zama kamar 'yan unguwa ɗaya, ana ba juna tabarma da ruwan zafi, kowa ya san gadon ɗan'uwan kowa. Yaya ya zo daga Kaduna, Auta ta zo da Littafi Mai Tsarki da man addu'a, ta shiga azumi.

Akwai wata nas 'yar wajen Gwantu da ta riƙe mu kamar nata. Ita ta koya mini in yi wa Mama magana a kunne, ta ce ko ba ta amsa ba, babu wanda ya san iyakar abin da take ji. Nakan ba ta labarin gida, in ce mata an yi wa gonar citta noma na biyu, akuyarta ta haifi biyu. Ƙirjinta na hawa yana sauka daidai da ƙarar injin, idanunta a rufe.

A kwana na goma likitar ɗakin ta ce tana son ganinmu duka. Tana faɗa da Turanci, nas tana juya wa Baba da Hausa, ni kuma in ƙarasa masa da yare inda na ga bai gane ba. Ta ce jinin ya ɓata wuri mai yawa a ƙwaƙwalwa, kuma a iya saninsu Mama ba za ta farka ba. Tana ɗan jan numfashi da kanta, amma da rauni. Robar ba za ta ƙara daɗewa a baki ba. Hanya biyu ce: ko a huda maƙogwaro a ci gaba da injin, wata ɗaya ko fiye, ko kuma a cire robar, a ba ta iska ta hanci da maganin da zai hana ta wahala, a bar jikinta ya yi iya abin da zai iya. Zai yiwu ta yi sa'o'i, zai yiwu ta yi kwanaki.

"Ni na san ciwon," in ji likitar, "amma ku kuka san mai ciwon. Ba zan yanke wannan ni kaɗai ba."

Yaya bai bari ta rufe baki ba. "A huda, Likita. Ba za a ce mun gaji da uwarmu ba."

Auta ta ce, "Ubangijin da ke ta da matattu bai canza ba. Ta yaya za mu kashe inji muna cikin roƙonsa?"

Duk muka juya wajen Baba. Ya murza hularsa a hannu, ya ce, "Bari mu kwana a kai." Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Ya sunkuyar da kai, mu ma muka kasa kallon juna.

A al'adarmu ba a yanke magana irin wannan a kan mace ba tare da gidan ubanta ba. Muka aika wa Kawu, ƙanin Mama. Washegari da rana ya sauka a motar haya, tare da fastonmu da aminiyar Mama, wadda suka yi shekaru suna jan waƙa tare a zumunta. Aka shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar, Fasto ya buɗe da addu'a, Yaya ya maimaita bayanin likita.

Da ya gama, Kawu ya ce, "Ku yara ne lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta. Uwarku ce ta je asibiti ta ce a ba ta ita. Ta goyo ta a baya daga bakin titi har gida. A ɗakinta ta cika, muna zagaye da ita. Bayan an binne, ta ce mini, 'Ni ma in ranata ta zo, kada ku bar ni a hannun baƙi.' Ban ɗauka ni ne zan zo in faɗi wannan ba."

"Kawu, wancan zamani daban," in ji Yaya. "Yanzu akwai inji."

"Akwai inji, ɗana. Amma kai ka shiga ka gan ta. Injin nan dawo mana da ita yake yi, ko riƙe ta yake a bakin hanya?"

Auta ta juya ga Fasto tana kuka. "Baba Fasto, ashe ba rashin bangaskiya ba ne?"

Fasto ya ce, "'Yata, ba zan ce muku ku cire ko ku bari ba. Abin da na sani ɗaya ne. In Allah ya nufa ta tashi, ba ya bukatar wutar lantarki. Ci gaba da addu'arki, babu wanda ya hana ki."

Lokacin shiga na yamma ya yi. Baba ya miƙe, ya ce shi zai fara. Ya wuce mintunan da ake bayarwa, nas ɗin nan kuwa ta yi kamar ba ta ga agogo ba. Da ya fito ya zauna, ya ce da yare, "Na tambaye ta."

Yaya ya ce, "Baba, me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Tun da na auri matar nan ban taɓa tambayarta abu ta yi mini shiru ba. Ta riga ta kama hanya. Mu kai ta gida."

Yaya ne ya sa hannu a takardar amincewa da cire robar, domin ya ce shi ne babba, kada nauyin ya hau kan tsoho. Auta ta ce ita ba da yawunta ba, ta ƙi shiga.

Da safe aka bar mu muka shiga tare, ni da Baba da Yaya da Kawu. Likita ta zare robar a hankali. Aka kashe injin, ɗakin ya yi tsit a gefen gadonmu. Mama ta ja wani numfashi mai kurji, ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta sake ja. Ta ci gaba da ja. A karon farko cikin kwana goma sha biyu na ga bakinta yadda na san shi. Bayan kwana biyu likitar ta ce tun da haka ne, za mu iya tafiya da ita da tukunyar iska, ta kuma rubuta wa wata nas da ke kusa da gidanmu yadda za ta riƙa kula da ita.

Kwana biyar Mama ta yi a ɗakinta. Abin mamaki, in na tuna wannan shekara, kwanakin nan biyar ne nake kewa. Gidan ya cika kamar lokacin Kirsimeti. Matan zumunta suna zuwa da yamma, su zauna a tsakar gida su yi waƙoƙin da take ja, da murya ƙasa-ƙasa, ba ganga. Ni da matar Yaya muna juya ta, muna jiƙa mata leɓe da auduga. Yaya, wanda rabonsa da tsintsiya tun yana sakandare, shi ke share ɗakin kowace safiya. Tsofaffin da suka yi 'yanmatanci da ita suna shigowa da sanda, su kira ta da sunan yarintarta, su ba ta labaran da mu 'ya'yanta ba mu taɓa ji ba. A nan na ji cewa ta taɓa korar wani mai neman aurenta da muciya.

Auta ta iso a rana ta biyu. Ba ta gaishe ni ba. Ta shiga ta wanke wa Mama jiki, ta shafa mata mai, ta ɗora kanta a cinya ta tsefe kitson da ya cukurkuɗe a asibiti, ta yi mata sabo. Daga ranar ba ta ƙara barin bakin gadon ba.

Mama ta cika da la'asar, ana yayyafi, dukanmu muna ɗakin. Baba ne ya rufe mata ido. Ya ce, "Sai mun zo," ya fita waje.

Ni da Auta mun daɗe ba mu taɓa zancen ba, gaisuwa kawai a waya. Da ta haihu a shekara ta gaba, ni na je Manchok zaman jego, tun da babu uwar da za ta je. Wata safiya ina dafa mata ruwan wanka ta ce mini, "Har yau ban yarda da abin da kuka yi ba. Wani lokaci ina cewa da mun ƙara mata wata ɗaya." Na ce ni ma tunanin yakan zo mini. Sai ta miƙo mini jaririyar in yi mata wanka. Ban taɓa yi wa ɗanyen jariri wanka ba. Surukarta ta leƙo ta ga yadda na riƙe yarinyar, ta yi salallami, ta ce in matsa ta nuna mini. Ni da Auta muka tsuguna a gefen baho muna koyo.