Tocilar da Na Zura a Rijiyar Garinmu

A shekarar da aka bar fam aka koma naira, rijiyar ƙauyenmu ta cushe. Ƙauyen yana tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo, kuma rijiya ɗaya gare mu, zurfinta gaba talatin da ɗoriya. Guga ya riƙa dawowa da laka, mata suka koma tafiyar rabin yini neman ruwa. Mai gari ya aika aka kira mai yasar rijiya daga wajen Gagarawa, wani dattijo gajere mai kaurin wuya. Ni kuma aka ce in tsaya a kan aikin, don na yi aji huɗu a Gumel, ni ke karanta wa mutane wasiƙa. Lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu. Na faɗi haka ne kada wani ya yi mini uzuri da yarinta.

Dattijon yana da ƙa'ida ɗaya. Ba ya shiga rijiya sai ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya ya zura. In ta kai ƙasa tana ci, ya shiga. In ta mutu, ya naɗe igiyarsa ya koma gindin tsamiya ya ci goro.

Ranar farko fitilar ta mutu a gaba ashirin. Ya ce, "Yau ba ta karɓar baƙi." Ya sa aka ɗaura rassan darbejiya a igiya ana kai su ƙasa ana dawo da su, wai a kori iskar da ta kwanta a ciki. Rana ta biyu ma a gaba ashirin ta mutu.

Ni na dubi fitilar, na ga abin da na ɗauka shi ne ciwon. Tsohuwa ce, ƙwanta ya tsage an liƙe da takarda, lagwaninta ya ƙone. Na karɓe ta na kai gida. Na sa sabon lagwani, na tace kananzir da tsumma, na ara ƙwan fitilar liman, na naɗe shi da waya don kada ya bugi bango. Na saƙa mata hular kaba saboda ɗigon ruwa. Da na fito da ita mutane suka bi ni har bakin rijiya kamar ana kai amarya. A gaba ashirin ta mutu, da hularta.

"Malam," in ji dattijon, "ka wahalar da ita. Aikinta ke nan, ta mutu."

"Baba, wane irin aiki ne mutuwa?"

"Irin wanda ba na so in yi da kaina."

Aka yi dariya, ni kuma na ji zafi. Ranar Alhamis na hau keke zuwa kasuwar Maigatari. Wani ɗan Damagaram ya nuna mini tocila ta ƙarfe mai cin batir uku, shi yana ce musu pil. Na tambaye shi ko iska na kashe ta. Ya hura mata har kumatunsa suka kumbura. Na ce ruwa fa? Ya tofa mata yawu ya goge da hannun riga. Tana nan tana ci. Na dawo gida ina jin na gama da wahalar masu yasar rijiya har ta jikokinsu.

Da safiyar Asabar na ɗaure ta a igiya. Dattijon ya karɓa ya juya ta, ya kara a kunne, ya shinshina.

"Wannan abar tana numfashi?"

"Ba ta bukata, Baba. Ai ci gaban ke nan."

"To me za ta gaya mini?"

Na karɓa na zura. Ta wuce gaba ashirin, mutane suna ƙirgawa da baki. Ta kai har ƙasa tana haske fes. Wani ya ce boko gaskiya ne. Wata tsohuwa ta sa mini albarka. Dattijon ya koma gindin tsamiyarsa ya ce shi dai bai ga fitila ba, ya ga idon mage.

A nan yayana ya tuɓe riga. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, manomi ne mai ƙarfi, shi ya riƙa yin noman gidanmu shi kaɗai lokacin da nake makaranta. Matarsa tana da tsohon ciki, kuma kullum tana cikin masu tafiya ɗebo ruwa. Ya dube ni ya ce, "Ƙane, ka tabbata?"

Na ce, "Yaya, ga ta can tana ci."

Dattijon ya taso. Ya ɗaura wa Yaya igiya ta biyu a ƙugu, ya riƙe bakinta da hannunsa. Ya ce, "Ka riƙa magana. Ko zagina ne ka yi, kada ka yi shiru."

Yaya ya sauka yana lissafa gonakin garin da masu su. Muna jin muryarsa tana ƙanƙancewa. Ya kai gonar liman, ya maimaita ta sau biyu, ya yi shiru. Dattijon bai jira komai ba, ya ce a ja. Maza goma suka ruga da igiya. Wajen fitowa kafaɗar Yaya ta bugi bangon rijiya, mun ji ƙarar daga sama. Aka kwantar da shi, leɓɓansa sun yi fari, aka yi ta masa fifita da hular kabar nan da na saƙa. Da ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya kashe rana.

Cikin rikicin igiyar tocila ta kuɓuce ta faɗa. Tocilar ta kwanta a kan laka tana kallon sama. Kwana biyu tana ci. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙauyukan kusa suna leƙawa, wani ma ya zo da surukinsa a kan jaki. Dattijon ya ci gaba da kaɗa rassan darbejiya, a rana ta biyar bayan nan tsohuwar fitilarsa ta kai ƙasa da ranta. Ya shiga ya yashe rijiyar, ya fito da tocilata a cikin guga ya miƙa mini da hannu biyu, kamar mai mayar da amana.

Kafaɗar Yaya ba ta koma daidai ba. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma daga wannan shekara bai sake ɗaga hannun dama sama da kunnensa ba, kuma huɗa ta gagare shi. Na riƙa yi masa noma damina bayan damina. Na yi tsammani wannan ya wadatar, shi ya sa ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Shi ma bai taɓa ɗaga maganar ba. Sai dai duk ranar da na kawo wata shawara a gida, ko ta iri ce ko ta auren yara, yakan saurara har in gama, sannan ya ce, "Tana numfashi?"

Sai da furfura ta cika mana kai na same shi a zaure yana gyaran igiyar akuya da hannun hagu. Na durƙusa na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a bakin rijiya. Ya ce ya yafe tun kafin a fito da shi, tunda a lokacin bai san inda yake ba balle ya riƙe ni a zuciya. Sai ya miƙo mini bakin igiyar ya ce in ja masa ƙullin, hannunsa ba ya kaiwa.