Noti Takwas a Allon Zamiya

Ba-Motsi ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Shekara talatin da 'yan kai yana aikin kafinta a wata rumfar kwano bayan garejin gyaran mota, duk abin da ya haɗa sai ya dake shi da tafin hannu ya ce, "Wannan ba motsi." Ba ƙarya yake yi ba. Durowar da ya yi wa ƙanwarsa Auta lokacin aurenta, har yau sai an tokare bango da ƙafa ake jawo aljihunta. Akwai telan da ya gyara wa ƙofar banɗaki, ƙofar ta tsare bawan Allah a ciki tun hantsi har azahar. Da aka kawo ƙorafi, cewa ya yi ƙofa lafiyarta lau, mutanen yanzu ne ba su da ƙashi.

Wajen kafintoci uku ya yi koyo, kowanne ya bar shi yana cewa mutumin bai san aiki ba. Bai taɓa tambayar kowa komai ba, ko hanya ce ta ɓace masa gara ya wuni yana zagaye. Da mahaifinsu ya rasu sai babbar kujerar gidan ta faɗo hannunsa, daga ranar kuwa maganarsa ta zama kamar aikinsa, in ta shiga ba ta fita. Auta ta haura hamsin, ita ke riƙe da ɗakin magani a wani asibiti, likitoci ma shakkarta suke yi. Amma da Yaya ya yi gyaran murya sai ta koma yarinyar da ke riƙe masa falanki yana yanka. Ta san da wannan halin nata, tana kuma jin haushinsa.

'Yarta tilo ta koma wata ƙasa da zama, kuma sana'ar da ta zaɓa ita ce koya wa yara zamiya a kan dusar ƙanƙara. Saura mata jarrabawa ɗaya a ba ta takardar koyarwa, nan da mako uku. Allon zamiyar da ta shekara shida tana hawa kuwa yana bayan ƙofar ɗakin uwarta, domin da ta zo gida hutu da shi, ranar komawa ma'aikatan jirgi sun ce ya yi tsawo. Ta bugo waya ta yi bayani dalla-dalla.

"Mama, ki kai shi ofishin aika kaya. A kwance maɗaurin ƙafa, a naɗe bakinsa biyu da soso, a sa a kwali. Shi ke nan. Don Allah kada a ba Kawu."

Auta ta ce to. Sai dai allon ya kusa kai ta tsawo, ya ƙi shiga motarta, a duk dangi kuma mutum ɗaya ne ke da motar ɗaukar kaya, wato Ba-Motsi.

A ofishin, ma'aikaciyar ta auna tsawon allon da faɗinsa, ta ɗora shi a sikeli, ta ɗauko wani dogon kwali da aka yi musamman don irinsa. Ba-Motsi ya latsa kwalin da yatsa ɗaya kamar mai taɓa mushe.

"A wannan takardar za a haye teku? 'Yar nan, kin taɓa riƙe guduma?"

"Baba, kullum a ciki muke aikawa. In kuma katako za ku sa, sai mai hatimin feshin ƙwari, in ba haka ba kwastan za su tsare shi."

"Ƙwari a katakona?" Ya saɓa allon a kafaɗa. "Auta, mu je."

Ta bi shi. Har ta buɗe baki a bakin ƙofa, ya waiwayo, ta mayar da maganar ciki.

Kwana biyu ya yi yana haɗa akwatin, da falankan da za su iya ɗaukar injin niƙa. Da ya kwantar da allon a ciki sai ya tsaya yana girgiza kai. Tsakiyarsa ta ɗago daga ƙasa har yatsa na shiga, baki da wutsiya kuma sun lanƙwasa sama. Haka ake ƙera shi, wannan gantsarewar ce ke ba mai hawa damar juyawa. Amma a wajen mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da kanɗararren katako, abin kunya ne ya gani kwance a rumfarsa.

"Kin ga yadda kika bar wa yarinya kaya ya kanɗare a bayan ƙofa? Allah ya so ta ya biyo ta hannuna."

"Yaya, kamar dama haka yake tun da ta saya."

"Kamar. Ke da magani kika sani. Hau nan ki danne mini."

Ta hau. Ta durƙusa a tsakiyar allon da gwiwoyinta biyu, garin katako na manne mata a zane, har allon ya kwanta. Ya jona injin huji. Tana jin girgizar ƙarfen a ƙashinta lokacin da yake ratsa allon, tana kallon farin gari na fitowa daga ramin, tana ce wa kanta ai Yaya ya fi ta sanin katako. Rami takwas ya yi, ya zura noti takwas, ya ɗaure su da ƙasan akwatin har jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan ya daki murfin da tafin hannu ya faɗi kalmarsa.

Ƙarti huɗu ne suka sauke akwatin a ofishin. Ma'aikaciyar ta dubi sikeli, ta dubi Auta, ta miƙa mata takardar sa hannu. Kwastan na can kuwa suka yi abin da aka ce za su yi, suka tsare shi kwana goma sha ɗaya saboda rashin hatimi. Ba-Motsi ya ce hassada ce, ba su taɓa ganin irin aikin ba.

Ana jibi jarrabawa akwatin ya isa. Yarinyar ta kira ta bidiyo, shi kuwa ya zo gidan takanas da sabuwar hula, ya karɓe wayar daga hannun Auta. Sai da yarinyar ta ari ƙarfen ɓanɓara wajen maƙwabci kafin murfin ya buɗe. Ta sunkuya a kan akwatin. Ta sa yatsa ta taɓa notin farko, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har na takwas.

"Kin gani ko?" in ji shi, bakinsa har kunne. "Ko gezau. Na kuma miƙe miki shi, ba sai kin gode ba. Ki ɗauko mini hoton akwatin ta gefe, zan liƙa a rumfa."

"Kawu, ba Mama wayar."

Auta ta karɓa ta shige ɗaki, ta tsaya jikin durowar nan. Ta ji muryar 'yarta ta yi sanyi, babu kuka a ciki, kuma da kukan ne da ya fi mata sauƙi.

"Ruwa zai shiga ramukan, Mama. Juyi ɗaya zai tsage. Zan hau na haya jibi, wanda ƙafata ba ta sani ba. Na san halin Kawu. Ɗaukewa ya yi ba ki nan, ko?"

Daga falo ana jin Ba-Motsi yana ba maƙwabcin da ya leƙo labarin yadda katakonsa ya gagari kwastan ɗin ƙasar waje. Auta ta dubi gwiwoyinta.

"Ina nan," ta ce. "Ni na danne masa."