Jitata ta yi tallan maganin basir

Jama'a, yau na sha kunya a Sabon Gari, kuma mai laifin yana cikin zauren nan.

Kun san ɗan akwatin da na haɗa mai sa jita gurnani. Wata biyu ina fama da shi, a gwangwanin madara na zaunar da shi. Jiya Lawali mai gyaran waya ya taɓe baki ya ce, "Wanga gwangwani abin kunya ne, sa shi cikin roba." Na biye masa.

Da hantsi muka je gwaji wurin Bitrus, mai kaɗa jita a coci. Ina taka makunni sai sifika ta fashe da muryar wani ƙato: "Ina masu fama da basir?" Ashe rediyo akwatin ya kamo!

Bitrus ya ce, "Ina gwangwanin? Ai ƙarfen ne ke hana shi kamo tasha."

Lawali kuwa bidiyo yake ɗauka, har da riƙe ciki don dariya. Wai ya sani tun jiya.

Lawali, na ga kana karantawa. Ƙarfena na narka dalma da ke shagonka, kawo shi kafin la'asar. Ka koma liƙa wayoyin mutane da yawu.