Taron da Muka Ƙarasa a Bakin Fiton Jimeta

Mun bar Maiduguri ranar Talata bayan an idar da sallar asuba, mu uku cikin Landirobar kwaleji: mataimakin shugaba, da direba, da ni magatakardan majalisar malamai. An yi alkawarin tashi ƙarfe biyar da rabi, amma sai shida ta gota muka fita, domin mataimakin shugaba ya mance tabarau ɗinsa a gida. Na rubuta lokacin a littafina.

Saboda waɗanda ba su zo zaman majalisa na ƙarshe ba, ga abin da ya kai mu. Takarda ta zo daga sama cewa kuɗin kwalejin horon malamai tamu ya ragu bana, sai a tsuke bakin aljihu. Manya suka duba, suka ga abin da ya fi sauƙin yankewa shi ne sashen noma na reshenmu da ke Yola, tare da gonarsa ta bakin tafkin Njuwa. In aka rufe, malamin sashen zai koma gida, ɗalibansa kuma a watsa su cikin sauran azuzuwa. To, amma dokar kwaleji ta ce ba a rufe sashe sai malaman wurin sun yarda, an rubuta yardarsu a littafin taro, an karanta musu, sun sa hannu. Wannan yardar muka je karɓowa. Littafin kuwa yana hannuna.

Mun karya a Damboa da ƙosai da koko. Daga nan hanya ta fara nuna hali, damina ta tafi ta bar mana ramuka. Biu gari ne mai sanyi da duwatsu baƙaƙe, har na ɗauko bargo da rana tsaka. A Gombi muka yi azahar, muka ci tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da yawa. A Song, ƙarƙashin duwatsun nan masu tsini, na sayi nono cike da ƙwarya a kan sisi, wanda a Maiduguri ko sule ka bayar sai an harare ka. Direbanmu dattijon Babarbare ne, tsohon soja, kuma kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun daga Song ya fara tsokanar masu nono, yana ce musu ya zo duba bayinsa. Su ma ba su raga masa ba. Wata tsohuwa ta dubi tsagen fuskarsa ta tambaye shi ko da kyanwa ya kwana.

Mun wuce Girei la'asar sakaliya, muka iso bakin Binuwai da sauran rana. Kogin ya fara janyewa, yashi ya fito tsibi-tsibi a tsakiya. Jirgin fito ɗaya ne, motoci kaɗan yake ɗauka, masu ƙafa da kekuna kuwa kwalekwale ke haye da su. Mun samu shiga fito na ƙarshe. Direba ya ce in rufe ido in ina tsoro. Ban rufe ba, amma ban yi magana ba sai da tayar mota ta taka ƙasar Jimeta.

Mataimakin shugaba ya sauka a bariki. Ni da direba muka wuce unguwar Dubeli, gidan wani ɗan'uwansa mai sayar da huluna. An ba mu kifi ragon ruwa da tuwon shinkafa, da safe kuma kunun gyaɗa mai kauri wanda ban taɓa shan irinsa ba. Jimeta garin ciniki ne, buhunan gyaɗa jibge a bakin kogi, kowa da yarensa, Hausa ce ke haɗa su. Sai dai Hausar tasu ba ta raba mace da namiji. Maigidan ya ce mini matarsa "ya tafi kasuwa". Na buɗe baki zan gyara, na tuna kifinsa ne a cikina, na rufe.

Laraba muka shiga Yola. Tsakaninta da Jimeta 'yan mil kaɗan ne, amma sai ka ce wata ƙasa. Babu hayaniya, katangu dogaye, gaisuwa a hankali. Malaman reshen su goma sha ɗaya suka tarye mu da "jabbama", wato maraba. Babbansu a shekaru malamin Arabiyya ne, kowa na ce masa Modibbo. Malamin noma kuwa wani siriri ne mai furfura, da malamai da ɗalibai duk Bappa suke kiransa. Shi ya zaga da mu gonar Njuwa. Shinkafa ta sunkuya ta kusa yanka, ga kuɓewa da yakuwa a gefe, ga ɗalibai cikin taɓo har gwiwa suna korar tsuntsaye. Ya san abin da ya kawo mu, amma bai ce uffan a kai ba. Ya nuna mana irin da ya gwada bana, ya cika wa mataimakin shugaba kwando da gauta, ya ce a kai wa iyali.

Alhamis ƙarfe takwas aka zauna taro. Tsarin taro a wurina guda takwas ne, kuma kun san ba na tsallake ko ɗaya: addu'ar buɗewa, kiran suna, karanta batu, tattaunawa, yanke shawara, karanta abin da aka rubuta, sa hannu, addu'ar rufewa. Uku na farko suka tafi daidai. Mataimakin shugaba ya yi bayani mai tsawo, rabi Hausa rabi Turanci, kuma a gaskiya bai ɓoye komai ba. Ya ce shi ma ba da son ransa ba ne. Da ya gama ya tambaya ko akwai mai magana.

Shiru. Matasan malamai suka dubi Modibbo. Modibbo ya dubi tabarma. Bappa yana jan carbi kamar maganar gonar wani ake yi. Aka sake tambaya, Modibbo ya ce, "Mun ji, Allah ya saka da alheri." Sauran suka ce amin.

Mataimakin shugaba ya yi ajiyar zuciya, ya juyo ya ce in rubuta an amince. Na rubuta. Ya dubi agogo ya ce in ba mu kama fiton sha biyu ba, za mu ƙara kwana, saboda haka karatu da sa hannu a bari, a aiko musu da kofe ta gidan waya. Na ce saura abu uku. Ya ce, "Malam, kowa ya ji da kunnensa, me za ka karanta musu?" Ya miƙe, kowa ya miƙe. A shekarun da na yi ina wannan aiki, tun ina akawun En'e, ban taɓa rufe littafi a kan abu na biyar ba sai ranar.

Malaman duka suka ce za su raka mu. Muka ce sun hutar, suka ƙi. Wasu a keke, wasu suka matsu a bayan motarmu, har bakin fito. Da muka isa, jirgin yana can tsakiyar kogi ya hau yashi da lodin shanu, ma'aikata sun shiga ruwa da gora suna ta fama. Aka ce sai an jima. Mutanen Yola kuwa ba sa juyawa su bar baƙo a tsaye, sai suka shimfiɗa buzu da tabarmi a inuwar wani ƙaton ɓaure, muka zauna jira.

Direba ya ja ni gefe ya tambayi yadda aka ƙare. Na ce sun amince. Ya tambaya wa ya faɗa da bakinsa. Na ce babu wanda ya ƙi. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Malam, Bafillatani fa ko yunwa za ta kashe shi, ka miƙa masa tuwo sai ya ce ya ƙoshi. Kai kuma sai ka rubuta ya ƙoshi?"

Na ƙirga mutanen da ke ƙarƙashin ɓauren: goma sha ɗaya, ba wanda ya ragu, ga kuma shugaban taro. Ba a yi addu'ar rufewa ba, ashe taro bai tashi ba ke nan. Na je na durƙusa gaban mataimakin shugaba na ce, ranka ya daɗe, tunda jirgi ya ba mu lokaci, ina neman izini in cika abu na shida. Ya ce in dai zai sa in bar shi ya huta a hanya, in karanta.

Na miƙe tsaye na karanta da ƙarfi, don masu kifi na ta ciniki kusa da mu. Da na zo kan layin da ya ce malaman reshen Yola su goma sha ɗaya sun amince a rufe sashen noma, na bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, na miƙa wa Modibbo alƙalami. Bai karɓa ba. Ya ce in maimaita layin. Na maimaita.

"Malam magatakarda, yaushe na ce haka?"

Na ce bai ce ba, amma da aka tambaya bai ƙi ba.

"Baƙo ya yi tafiyar yini guda, ya zauna a tabarmata, ya sha ruwana. In ce masa a'a a cikin ɗakina? Ba a yi mana wannan tarbiyya ba. Amma sa hannu shaida ne. Ni ba na shaidar abin da ban faɗa ba."

Mataimakin shugaba ya cire tabarau ya ce, Modibbo, ai da kun faɗa tun ɗazu. Modibbo ya ce ɗazu a gida ne, yanzu kuwa a hanya muke, hanya kuma ta kowa ce. Daga nan bakin kowa ya buɗe. Ashe matasan ba sa magana ne kafin babba ya yi, Bappa kuma kunya ta hana shi roƙo a kan abincinsa. Ashe kuma tun mako biyu da suka wuce sun zauna sun yi tasu shawarar, tana rubuce a aljihun malamin lissafi, suna jiran a tambaye su abin da suka gani, mu kuwa abin da muka tambaya shi ne ko akwai mai magana.

Shawarar tasu ba ta da ado. Za su sallama motar reshen, mai zuwa duba ɗalibai a ƙauye ya hau keke. Za su haƙura da sabon ɗakin malamai da aka yi musu alkawari. Shinkafa da kayan miya na gonar kuma su shiga kicin ɗin ɗalibai, a rage abin da ake saye a kasuwa. Malamin Turanci ya yi gardama a kan motar, ya ce gwiwarsa ba ta son keke. Wani ya ce masa ai tumbinsa na so. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu: tara sun yarda, malamin Turanci ya ƙi, Bappa ya ce shi ba zai ɗaga hannu a kan kansa ba. Haka na rubuta, kowa da matsayinsa. Na ja layi ɗaya a kan abin da na rubuta da safe, yadda mai dubawa zai iya karanta kuskurena, na sa hannu a gefe.

Mataimakin shugaba ya daɗe yana duban takardar malamin lissafi. Ya ce ba zai yi alkawarin za ta wuce ba, amma zai kai ta da hannunsa, kuma ba zai ce an amince da abin da ba a amince da shi ba. Littafin ya zaga, aka ɗora shi a kan murfin mota kowa ya sa hannu. Modibbo ya yi addu'ar rufewa ƙarfe biyu da kwata. Bappa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce "useko", na gode ke nan. Direba ya leƙo ta taga ya ce masa a ajiye wa ubangidansa Babarbare buhun shinkafa ɗaya. Bappa ya ce Babarbare ai sai dai ƙaiƙayi.

Jirgi ya sauka daga yashi wajen ƙarfe uku. Muka haye, muka kwana a Gombi, sauro ya karɓi rabonsa. Juma'a muka yi salla a Biu, taya ta fashe mana sau ɗaya kafin Damboa, muka shigo Maiduguri ana kiran magariba. Na sami iyali lafiya.

Majalisar malamai ta zauna ranar Litinin. An kai ruwa rana, domin ma'aji ya ce shawarar Yola ba ta cike ramin duka ba. Malamin tarihi ya ce in 'yan reshe sun iya sallama motarsu, mu ma nan hedkwata ba za mu rasa abin sallamawa ba, aka yarda a dakatar da fentin gidajen malamai. A ƙarshe aka bar sashen noma na shekara guda, a sake dubawa bayan girbin baɗi. Shekara guda ba har abada ba ce, amma Bappa zai yanke shinkafarsa da ɗalibansa, kuma ba alƙalamina ne ya kore shi ba. Ranar na ci abinci da daɗi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini biyu ne. Na farko, wanda aka ba hakkin yarda an ba shi hakkin ƙi, kuma aikin mai riƙe da littafi ne ya nemo inda mutum zai iya faɗin a'a, ko da a bakin kogi ne. Na biyu, shirun mutum nasa ne, ba ni da izinin fassara shi. Saboda haka daga yanzu, in an zo yanke shawara, zan kira sunan kowane malami ya faɗi nasa da bakinsa kafin in rubuta. Na fara ranar Litinin ɗin, taro ya ƙara awa ɗaya da minti goma, wasunku suka yi ta tsaki suna duban agogo. Na ji tsakin. Ranar zama mai zuwa kowa ya ci abincinsa kafin ya zo.